Ruwan Famfo Garau Yake, Amma Wa Ya Auna Shi?

Kafin ladan ya sauke kiran assalatu layi ya riga ya kama a bakin famfo. Mutane ba su iso ba tukuna, jarkokinsu ne suka riga su, rawaya-rawaya, kowace da shaidar gidansu. Wannan an ɗaura mata jan tsumma a hannu, waccan an zana mata alama da ƙusa mai zafi. Su ke riƙe wa masu su wuri. Can sai ga mai famfo da makulli da ɗan littafinsa, ya duba mita, ya murɗa kai, tiyo ya yi tari sau biyu uku, ya furzar da iska, sannan ruwa ya zubo. 'Yan mata su fara turereniya, mai amalanke ya jera tasa goma sha biyu yana jan tsaki, jaki yana jira a gefe. Duk wanda ya taɓa kwana a Issawane, ko wani gari mai kama da shi a ƙasar Mayahi da Tasawa, ya san wannan safiya.

Ba zan raina famfon nan ba, domin na san abin da ya gada. Rijiyoyin wannan yanki masu zurfi ne. A wurare da dama sai an ɗaura igiya a wuyan sa ko jaki, yaro ya kora shi ya yi nisa, kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. Tsofaffin mata har yau suna nuna kantar da igiya ta bar musu a tafin hannu. Da damina kuwa tabki ake sha, tare da shanu da awaki, shi ya sa a da kurkunu ke kwantar da manoma daidai lokacin noman fari. An yi yaƙi da shi da rariyar tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Yaran yanzu ba su ma san kamanninsa ba. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ruwa mai kyau ne ya kawo shi.

Sai dai akwai tambayar da ban taɓa jin an yi ta a bakin famfo ba. Ana faɗa a kan layi. Ana faɗa idan an ƙara dala ɗaya a kuɗin jarka. Ana tsine wa mai injin idan ruwa ya ɗauke kwana biyu. Amma ban taɓa jin wata ta sauke jarkarta ta ce, "Malam, yaushe rabon da a auna ruwan nan?" ba. A wurinmu, tunda daga bututu ya fito, kuma ga shi garau kamar hawaye, magana ta ƙare.

Wannan yarda tana da tushe. Tun muna makarantar allo, da muka kai ga Ishmawi da Risala, aka koya mana cewa ana gane ruwa da siffofi uku: launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa. Idan babu wanda ya jirkita a cikinsu, ruwa mai tsarki ne, a yi alwala, a yi wanka. Hukuncin nan daidai yake a muhallinsa, kuma malamai ba su taɓa cewa awon asibiti suke koyarwa ba. Mu ne muka ɗauki ma'aunin alwala muka mai da shi ma'aunin sha. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a sha'anin ruwa ido bai san kima ba. Ruwan da ya fito fari kamar an zuba masa nono, sau da yawa iska ce kawai ta shiga bututu, ka ajiye shi a kofi ka ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama. Wanda ke barin jan tabo a randa da farar riga, yawanci ƙarfe ne ya yi masa yawa, yana ɓata wanki da ɗanɗano amma ba kasafai yake kwantar da mutum ba. Masu kisa da masu naƙasa mutum kuwa ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mutanen Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi, sun ga abin da idonsu.

A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin Tibiri da wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa ya shiga famfo, aka yi murna kamar yadda kowane gari zai yi. Kamfanin ruwa na gwamnati na wancan zamani, SNE, shi ya riƙa tafiyar da ruwan garin. Ruwan yana da haske, ba ya wari, ba ya sa gudawa. Shekaru suka shuɗe. Sai iyaye suka fara lura da haƙoran yaransu suna yin ja-ja, suna dabbare-dabbare, suna gutsurewa. Daga baya abin ya wuce baki ya shiga ƙashi. Ƙafafu suka gwame, wasu suka bauɗe, gwiwoyi suka sandare, kan wasu yaran ya yi girma fiye da kima, wasu ko tsayuwa ba sa iya yi sai da sanda. Aka yi ta faɗe-faɗe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce gado ne. Aka sha rubutu, aka sha saiwa, kuma duk da ruwan famfon nan ake jiƙawa.

Da aka zo aka auna, sai aka tarar da sinadarin fulorayid ya kai daga kusan miligiram 5 zuwa sama da 6 a kowace lita. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ita ce miligiram 1.5. Wato yaran Tibiri sun yi ta shan ninki uku zuwa huɗu na abin da jiki zai iya ɗauka, tun suna goye, har kimanin shekara 15 kafin a daina ba garin ruwan wannan rijiya. Ɗaruruwan yara suka naƙasa, dubbai kuma abin ya taɓa su. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar, kuma a 2002 ita da ƙungiyar FIDH ta ƙasa da ƙasa suka fitar da rahoto a kan yaran Tibiri. Waɗannan yara yanzu magidanta ne da matan aure, kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an canza rijiya.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne arhar abin da zai hana shi. Ba wanda ya zuba guba a rijiyar Tibiri. Fulorayid a jikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake, ruwan da ya daɗe kwance a cikinsu yana narkar da shi sannu a hankali. Kaɗan daga cikinsa ma amfani yake wa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Yawansa ne masifa, kuma awon da zai nuna yawan nasa aikin yini ɗaya ne a ɗakin gwaji. Kwalba ɗaya ta ruwa, da takarda ɗaya da wani zai karanta ya ɗauki mataki, da sun wadatar. Kuma Tibiri ba ita kaɗai ba ce. An san da irin wannan matsala a Kundumawa, a jihar Damagaram, gabas da Tasawa a kan hanyar Zinder. Haka abin yake a wasu sassan Habasha da Kenya da Indiya. A Bangaladash kuwa miliyoyin rijiyoyin burtsatse aka haƙa don a raba mutane da ruwan kududdufi mai sa gudawa, aka yi nasara a kan gudawar, sai daga baya aka gano a yankuna da dama ruwan nasu yana ɗauke da gubar arsenik. Can ma ruwan garau yake.

Kada wani ya ce na ce ruwan Issawane yana da fulorayid. Rijiya biyu a gari ɗaya ma suna iya bambanta, ya danganta da zurfin kowace da irin shimfiɗar dutsen da ta huda. Abin da nake cewa shi ne, gari da ke jiha ɗaya da Tibiri bai kamata ya sha ruwan burtsatse a kan zato ba. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Wanda ke zaune a ƙasa mai sanyi lita ɗaya ko biyu yake sha a yini. Mu da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, manomi mai sharar gona da yaro mai kiwo suna shan ninkin haka. Gwargwadon yawan shanka, gwargwadon abin da ke taruwa a ƙashinka.

Alamar farko a baki take, kuma kowace uwa tana iya dubawa. Ki kira yaranki masu shekara bakwai zuwa goma sha biyu, waɗanda suka yi famfara haƙoran girma suka fito, ki duba na gaba a cikin hasken rana. Idan kika ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an shafa alli, ko zane-zane ruwan ƙasa da asuwaki ba ya fitarwa, ki tambayi maƙwabta ko nasu ma haka suke. Yaro ɗaya ba hujja ba ne. Amma idan unguwa guda ce, kuma famfo ɗaya ake sha, to ruwa ba ya tsami banza, sai a kai maganar asibiti da ma'aikatar ruwa. Malaman makaranta ma suna da rawar takawa a nan, domin su ke ganin bakin yara sittin a aji ɗaya kowace safiya. Kuma a riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid, sai ma ya ƙara masa ƙarfi, tunda ruwan ne ke tashi ya bar sinadarin a tukunya. Ƙwayar Aquatabs ta kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ba ta taɓa shi, tsumman tacewa ba ya kama shi. Maganinsa sai dai a sauya rijiya, ko a gauraya ruwan da na wata rijiya mai ƙarancinsa, ko a kafa matata ta musamman, irin ta gawayin ƙashi da ake amfani da ita a Kenya da Habasha. Duk waɗannan sun fi ƙarfin gida ɗaya, aikin hukuma ne.

To wace hukuma? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A 2001 aka yi wa harkar ruwan birane garambawul a Nijar, aka rushe SNE, aka kafa SPEN mai mallakar kayan aiki, da SEEN mai rarraba ruwa da karɓar kuɗi, wadda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a cikinta. Daga farkon 2024 kuma kamfanin ƙasa, NDE, ya karɓi aikin SEEN. Amma wannan tsari na manyan garuruwa ne irin su Yamai da Maraɗi da Tasawa. A karkara abin da aka fi sani shi ne ƙaramin tsari: rijiyar burtsatse ɗaya, injin gazuwal ko farantan hasken rana, tankin sama da muke kira shato, da 'yan famfunan unguwa. Wannan yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ne, ita kuma takan damƙa shi a hannun wani ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, ya sayar da ruwa, ya yi gyara, ya ware wani kaso don sabunta kaya. A gefe kuma akwai ƙungiyar masu amfani da ruwa, wadda aka kafa don ta zama idon jama'a.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Dokar ruwa ta 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, a shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta ayyana haka. Sai dai a zaman da ake yi tsakanin ɗan kasuwa da 'yan kwamiti, lissafin da ake bi shi ne na kuɗi: mita ta nuna kaza, an sayar da kaza, gazuwal ya ci kaza. Ingancin ruwan ba shi da layi a littafin. Sau da yawa awon da aka yi wa rijiya shi ne na ranar da aka haƙa ta, takardar kuma tana can cikin wani kabad a ofis, da Faransanci, ba wanda ya taɓa karanta wa masu shan ruwan ita. Alhali wuraren awo suna nan. Ma'aikatar ruwa tana da wakilai a jiha da gunduma, akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, ga kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi mai malamai da ɗalibai da ke nazarin ƙasa da ruwa. Ko magajin gari zaɓaɓɓe ne a kan kujera ko kantoma, haƙƙin tambaya bai canza ba.

Wannan ke nan game da abin da ke fitowa daga cikin dutse. Akwai kuma abin da ke shiga ruwa a hanya, kuma shi ne ya fi yawan kai yara asibiti.

Ruwan rijiya mai zurfi yawanci yakan fito ba ƙwayar cuta, domin rairayi da laka sun tace shi. Daga bakin rijiya zuwa bakin mai sha ne ake samun ɓaraka. A fara da shato. Yana can sama, kowa na ganinsa, ba mai leƙa cikinsa. Idan murfinsa ya ɓalle ko ragar bututun iska ta yage, tsuntsu da jemage da ƙadangare sun samu masauki, ƙurar hunturu kuma ta kwanta a gindinsa ta zama laka. Tanki yana son wanki lokaci-lokaci kamar yadda randa ke so. Sai bututun da ke binne. Muddin yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage waje yake tsiyaya. Amma da zarar an ɗauke ruwa, ko rana ta faɗi tanki ya ƙare, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsaga, kamar yadda yaro ke zuƙar kunu da tsinken kara. Idan tsagar tana kusa da kwata ko salga ko turken dabbobi, ka san abin da ya shiga. Shi ya sa ruwan farko bayan an daɗe da ɗaukewa bai kamata ya shiga randar sha ba. A bar shi ya zuba na ɗan lokaci, a tara a ba shuka ko a yi kwaɓin ƙasa da shi. Ɗan damshin nan da ake gani a tsakiyar hanya da rani, inda awaki ke taruwa suna lasa, ba abin wucewa ba ne. Ƙofa ce, a faɗa wa mai gyara.

Abin da ke tsare ruwa a wannan tafiya shi ne kulorin, wato sinadarin da ke cikin ruwan javel. Kaɗan ake sawa, yadda zai rage tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a lokacin da ruwan ya iso famfo. Wannan ragowar ita ce ke ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta a cikin jarka. Abin dariya, abin takaici, shi ne ranar da aka sa shi mutane ke ƙorafi. "Yau ruwan warin magani yake, ya ɓata mini fura." Har akwai masu komawa rijiya saboda haka. Ɗan warin nan shi ne shaidar cewa wani ya yi aikinsa. Idan ya dame ki, ki bar ruwan ya kwana a rufe, zai ragu. Auna shi kuma ba wuya: akwai ɗan kwalaben gwaji da ake jefa wa ƙwaya, ruwan ya koma ruwan hoda idan da kulorin a ciki. Mai famfo da ya iya karanta mita zai iya wannan.

Yanzu mu shigo gida, inda ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Kwanakin baya na sauka a gidan wata gwaggona. Mace ce mai tsafta, tsakar gidanta ko tsinke ba ka gani. Randarta tana gindin bedi, an kafa ta a kan jiƙaƙƙen rairayi, da faifai a bakinta da moɗa a kife a kai. Ina zaune a tabarma, cikin abin da bai fi rabin awa ba, na ƙirga hannu biyar da suka shiga randar nan. Jikanta ya dawo daga wasan ƙasa ya tsoma moɗa har wuyan hannu. Ƙanwarsa ta sha ta mayar da ragowar ciki. Wani almajiri ya yi sallama aka ce ya ɗiba. Moɗar ta faɗi ƙasa, aka ɗauka aka kaɗe ta a zane aka mayar. Na ce, "Gwaggo, ruwan nan fa?" Ta ce, "Na famfo ne, ɗan nan, da kuɗina na saya. Mu da muka sha tabki ma ga mu." Na yi shiru, domin ba a gardama da gwaggo a gidanta. Amma a raina na tuna cewa ta haifi goma, shida ne suka rayu.

Mai yiwuwa ruwan da ta saya mai kyau ne a lokacin da ya bar famfo. An sha auna wannan a ƙasashe da dama, kuma sakamakon yakan zo iri ɗaya: ruwan da ke cikin randa ya fi na bakin famfo ƙazanta. Ma'aunin da ake bi shi ne wata ƙwayar cuta mai suna E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum da dabba. Ganinta a ruwa yana nufin kashi ya shiga, komai ƙanƙantarsa, kuma ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Ta ina take shiga? Ta tiyon mai famfo da ke kwance a caɓi kafin a cusa shi a bakin jarka. Ta jarkar da murfinta ya ɓata aka toshe da leda ko totuwar masara. Ta cikin jarkar kanta, wadda in ka haska fitila za ka ga ta yi kore shar da gansakuka, tunda bakinta ƙarami ne hannu ba ya shiga. Ta moɗa, ta yatsu.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A zuba tsakuwa ƙanana da ruwan sabulu a jarka a girgiza da ƙarfi, a ɗauraye, ko da sau ɗaya a mako. A ware jarkar sha daban, mai murfi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari na gona, irin su fiya-fiya, ta haramta ga ruwan sha har abada, domin roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi. Randa a wanke ta kafin a juye sabon ruwa, kada a riƙa yin ƙari a kan kwantai. A samu ludayi mai dogon hannu a rataye shi a sama, da shi za a ɗiba a zuba a kofi, kada bakin kowa ya taɓa shi. Wanda ya samu hali ya sa wa randa ko bokiti mai murfi kan famfo a gindi, ya huta. Idan kuma ana shakkar ruwan, ƙwayar Aquatabs irin ta jarka mai lita 20 tana nan, a jefa a jira minti 30, a bi abin da aka rubuta a jikin takardarta. Ruwa mai gurɓi sai an fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tsiyaye na sama, sannan a sa maganin, domin laka tana cinye ƙarfinsa. Tafasawa ma tana kashe ƙwayoyin cuta sarai, sai dai kowa ya san tsadar itace a ƙasar nan.

Lokacin da aka fi bukatar wannan kulawa shi ne lokacin da aka fi sakaci da ita. Da ruwan sama ya sauka, tabkuna suka cika, sai layin famfo ya watse. Kuɗi sun yi ƙaranci, rumbu ya yi ƙasa, mutane suna wuni a gona, ga ruwa kyauta a kwari. Wa zai sayi abin da Allah ya zubo? Cinikin mai famfo ya faɗi, shi ma ya rage sayen javel da gazuwal. A daidai wannan lokaci ne kuma ruwan sama ke wanke bayan gari, ya kwashe abin da aka ajiye a gindin sabara ya kai tabki da bakin rijiyar da ba ta da dakali. A watan Yulin 2018 cutar amai da gudawa ta ɓulla a gundumar Madarumfa, ta bazu a jihar Maraɗi da wasu jihohi, ta kama sama da mutum 3,000, ta kashe gommai. A 2021 ta dawo da ƙarfin da ya fi haka, sama da mutum 5,000 a faɗin ƙasa, fiye da 150 suka rasu, kuma Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Duka biyun da damina suka yi ƙamari. Kwalara ita ce mai suna, ita ake shela a rediyo. Amma zawon yau da kullum, da taifot, da shawara, su ne ke aiki a ɓoye duk shekara. Yaron da ke zawo yau da gobe abinci ba ya zama a jikinsa, daga nan sai tamowa, tamowa kuma ta sake buɗe wa zawo ƙofa. Idan zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, da ruwa mai tsafta, a kuma nufi asibiti ba tare da jiran gobe ba.

Jarirai kuwa maganarsu daban ce, kuma a nan sai na roƙi kakanni su yi mini haƙuri. Mun saba cewa jariri baƙo ne, ba a hana baƙo ruwa. Amma nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, tatacce, wanda ba ya bi ta jarka ko moɗa. Har wata shida ya ishe shi, ko da bazara, in dai uwar tana sha tana ba shi a kai a kai. Cokali ɗaya na ruwan randa yana iya zame masa zawo. Ban da haka, rijiyar da ke kusa da salga ko turke tana iya tara sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita, kuma jarirai ƙanana ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Shi ma tafasawa ba ta fitar da shi. Shi ya sa ake cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, a kuma kewaye bakin burtsatse da shinge kada ya zama wurin shayar da dabbobi.

Abin da ya rage shi ne takardar awon ruwan nan. Ba na ganin ya fi ƙarfin Issawane, ko wani gari a ƙasar Mayahi da Tasawa, a ce kowace shekara an ɗebi ruwan burtsatse da na famfunan unguwa an kai awo, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, kuɗin kuma ya fito daga cikin cinikin ruwan, a rubuta shi a yarjejeniyar ɗan kasuwa kamar yadda ake rubuta kuɗin gyaran inji. Sakamakon a fassara shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a jikin famfo da ƙofar asibiti, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, gidan rediyon karkara ya karanta. Abu huɗu kawai mai sha ke son sani: fulorayid nawa ne, naitiret nawa ne, akwai E. coli ko babu, akwai kulorin ko babu, sai kwanan watan da aka auna.

'Yan kwamitin ruwa, mai gari, shugabar mata, malamin makaranta, ku ne za ku fara. A zama na gaba da za a yi lissafin kuɗin famfo, kafin a rufe littafi, wani ya ɗaga hannu ya nemi a kawo takardar awon rijiyar garin a karanta a gaban kowa. Idan aka ce babu, a sa ranar da za a ɗebi ruwan a kai Maraɗi.